Saniyar da Ke Kan Allo

Abu na farko da Malesiya ta koya mini shi ne ana iya kiran wuri ɗaki ko da ba shi da taga. Ejan ɗin da ya nemo mini masauki ɗan ƙasarmu ne, mai zaƙin baki, yana kirana Anti Dije a waya kamar ni na goya shi. Hoton da ya turo mini na ɗaki ne mai gado da labule, da taga tana kallon itatuwa. Da na iso sai ya hau da ni wani dogon bene, ya tura wata ƙofar katako a gefen falo. Lungu ne aka kewaye da falanki, katifa ta cinye shi gaba ɗaya. Na ce ina tagar? Ya ce tana ɗakin maƙwabciya, in mun saba za ta bar ni in riƙa leƙawa. Ya dire mini jaka ya ce bari ya je ya dawo. Har na bar ƙasar ban ƙara sa shi a ido ba.

Na zauna a kan katifar na sha kukana. Amma ni 'yar unguwar Hausari ce a Potiskum, jikar masu shanu, kuma kafin in taho sai da rabin unguwa suka gaya wa maigidana a fakaice cewa matar da ta bar 'ya'ya ta tafi bangon duniya neman digiri na uku, hannu rabbana za ta dawo. Da na tuna fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya sai hawayen suka tsaya. Na rataye hijabina a ƙusa na ce ko a tulu aka sa ni sai na yi abin da ya kawo ni.

Abin da ya kawo ni bincike ne a kan yadda za a koya wa ɗaliban jami'a tunanin ƙirƙira da dabarun warware matsala. Mai duba aikina ita ce Farfesa Nuraini, shugabar sashen, wata gajeriyar mace mai tabarau wadda ba ta ɗaga murya, murmushinta kamar aunawa take yi kafin ta ba ka. Ta karɓe ni da shayi, sannan ta shimfiɗa mini sharaɗi. Za a ba ni aji ɗaya na 'yan shekarar farko in koyar da wannan darasi, a kansu zan yi binciken. In aka kai ƙarata, ko kwamitin sashe bai gamsu da ni ba, za a karɓe ajin. Ba aji, ba bincike, kuma bizata a kan binciken take rataye. Ta miƙo mini darasin a shirye, hotunan majigi ne da aka sayo daga Turai, ta ce in bi su yadda suke, an gwada su an ga suna aiki.

Yaran masu ladabi ne, ban taɓa ganin irinsu ba. Malayawa sun zauna a gefe guda, 'yan asalin Sin a ɗaya gefen, 'yan asalin Indiya a baya, kowa ya nemi nasa. Na kunna majigi, matakan ƙirƙira suka fito a jere, suka kwafe su tsaf. Da muka sake haɗuwa na tambaye su, suka biya mini matakan kamar hadda, ba tuntuɓe. Sun haddace yadda ake ƙirƙira daga farko har ƙarshe, amma ba wanda ya ƙirƙiro ko tsinke.

Raina ya ɓaci, na kashe majigin. Tsakanin ɗakunan kwanansu da ginin ajinmu akwai wata hanya da ta ratsa ta kwari. Ruwan ƙasar nan kuwa ba ya neman izini, kullum da rana sai ya sauko kamar da bakin ƙwarya, kwarin ya cika, yaran su iso aji da takalma a hannu. Na ce musu, "Ga matsala nan tana ɗiga daga ƙafafunku. Ku rabu rukuni-rukuni ku warware mini ita."

Wata siririyar yarinya mai suna Aina ita ta fara fitowa a madadin rukuninta. Ta ce za su yi manhajar waya mai sanar da ɗalibi lokacin da ruwa zai sauko. Aji ya ɗauki tafi. Na tambayi ra'ayinsu, kowa ya ce shawara ce mai kyau. Rukuni na biyu suka ce a riƙa sayar da lema a bakin hanya, nan ma aka tafa, shawara mai kyau. Na tabbata da wani ya ce a riƙa goya juna ma tafin za a yi.

Na juya ga Aina ina dariya, yadda zan yi wa ƙanwata a gida, na ce, "To Aina, in wayar ta gaya miki ruwa na tafe, ƙafarki ta bushe ke nan?"

Ta sunkuyar da kai. Can sai na ga hawaye na ɗiga a kan littafinta. Ajin gaba ɗaya ya kau da kai daga gare ni kamar na mare ta.

Kafin la'asar Farfesa Nuraini ta aiko kirana. Ta ce, "Malama Khadija, a nan ba ma kunyata mutum a gaban jama'a. Wataƙila a wajenku ba a ɗauki wannan da nauyi ba."

Maganar ta soke ni. Ni Bafillatana za a koya wa kunya? Innata har gobe ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Baffana ya taɓa wuni a gidan surukai da yunwa, an ajiye masa akushi a gaba, ya ce ya ƙoshi. Duk wannan ya zo mini har maƙogwaro, na haɗiye na ce na gode. Na koma aji na kunna majigi. Makonni suka wuce, ba ƙara, ba kuka, ba kuma tunani. Ajin ya kwanta lafiya kamar makabarta.

A lokacin ne kewar gida ta kama ni da gaske. Komai shinkafa, safe shinkafa, rana shinkafa. Na riƙa mafarkin fura da nono mai sanyi, da kukan shanu ranar kasuwar kara, har ƙugin tireloli da nake tsinewa a gida sai da na yi marmarinsa. Abu ɗaya ejan ya faɗa da ya zama gaskiya, shi ne zancen tagar. Maƙwabciyar tawa 'yar Indonesiya ce mai aikin jinya, ba ma jin yaren juna sosai. Ta lura ina fitowa falo ina shaƙar iska kamar kifi, sai ta fara barin ƙofarta a buɗe in za ta tafi aiki, ta ajiye kujera a bakin taga. Ba ta taɓa cewa komai a kai ba, ni ma ban iya gode mata yadda ya kamata ba.

A kan kujerar nan nake kiran gida da rana, lokacin gari ya waye ke nan a Potiskum. Wata rana ina magana da Inna sai na jiyo murya ta kan katanga tana cewa hayaƙin Fulani ya hana mutanen kirki numfashi. Ya Kaltum ce, maƙwabciyarmu Babarbariya. Tun ina yarinya da wannan ake buɗe gari a gidanmu, ita ta jefo ta kan katanga, Inna ta mayar mata, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa, sannan a miƙa wa juna gishiri ko garwashi. Wasa ne tsakanin Fulani da Barebari tun kakanni, kuma ba a fushi a cikinsa. Da ta ji da ni ake magana sai ta zagayo ta ƙwace wayar. Ita a bakinta kowa "kai" ne, mace ko namiji.

"Wushe, wushe, bawana! An ce ka tafi koya wa mutane tunani. Bafillace da tunani! Mutanen can ba su da hankali ne, ko ƙarya ka yi musu?"

Na yi dariyar da na daɗe ban yi ba, sai dariyar ta juye kuka. Na kwashe labarin Aina na gaya mata.

Ta ce, "To kai wane ne nata? Ubanta ne, ko abokin wasanta? Haka kawai ka ɗauki magana ka jefi 'yar mutane. Ni in na zage ka da izini nake zaginka, kakana ya karɓo mini. Kai wa ya ba ka?"

Ta mayar wa Inna wayar ta tafi abinta, ni kuma na zauna ina kallon ruwa a gilashin taga. Sai na tuna shekarar da Baffa ya sayi fili a hanyar Damagum don ya riƙa tara shanu kafin a yi lodinsu. Filin a kwari yake. Yayyena duk sun gani, ba wanda ya iya buɗe baki, don ɗa ba ya gaya wa uba ya yi kuskure. Sai Ba Modu, mijin Ya Kaltum, ya je ganin wurin. Ya tsaya ya riƙe ƙugu ya ce, "Alhaji, ashe sana'ar kifi za ka koma? In damina ta faɗi ka aiko mini, in zo da fatsa mu kamo bijimai." Baffa ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce Babarbare me ya sani a ruwa ban da busasshen kifi. Amma kafin damina an mai da garken kan tudu, kuma girman kowa bai zube ba. Ranar da Baffa ya rasu, Ba Modu ne ya fara shiga kabari ya karɓe shi.

Mu ma muna da kunya, har ta fi tasu kauri. Bambancin kawai, mu mun bar mata ƙofa, muka naɗa wanda zai riƙa shigowa da gaskiya ta nan. Yaran ajina ba su da wannan ƙofa, ni kuma na haura musu ta katanga.

Da na koma aji ban kunna majigi ba. Na ba su labarin Baffa da Ba Modu, na koya musu kalmar "wasa" da Hausa, don ban sami wadda ta yi daidai da ita a Turanci ba. Na tashe su daga inda suka saba zama, na haɗa kowa da abokin wasa daga ɗaya gefen ajin. Na ce abokin wasanka yana da izinin ya yi wa shawararka dariya ya farfasa ta, ba ka da ikon fushi, amma dole ka rama. Ba a taɓa iyaye, ba a taɓa addini ko ƙabila ko halittar mutum, shawara kaɗai ake duka. Kuma wanda ya fasa maka shawara shi zai fara durƙusawa ya taya ka tsince ta, in ba haka ba ba abokin wasa ba ne, mugu ne kawai.

Suka zuba mini ido. Na ɗauki alƙalamin allo na zana ginin ajinmu da ginshiƙansa, da hanyar kwari ta fito ta bayansa. Ni da zane kuwa ba mu taɓa shiri ba. Na ce, "Ni abokiyar wasan kowa ce. Yau ba mai fita sai an tsokane ni."

Aka yi tsit. Ruwa ya kece a waje, ya yi ta zuba, ni kuma na harɗe hannu na jingina da bango. Na riga na sha alwashi ko za mu kai magariba sai an yi. Can sai na ji wata 'yar murya daga tsakiya. Aina ce, tana kallon ƙasa.

"Madam, wannan gini ne ko saniya?"

Na juya na dubi allon. Wallahi saniya ce, ga ƙafafu huɗu, ga jela. Wani ya ƙunshe dariya ta kufce masa, sai ajin ya fashe. Na bari suka lafa na ce, "Saniya ce, Aina, kuma ta fi manhajarki amfani, don ita ana tatsarta." Na riƙe numfashi ina kallonta. Ta rufe fuska da gefen ɗankwalinta, kafaɗunta na rawa, amma wannan karon dariya take yi. Daga ranar suka hana a goge saniyar, ta zauna a kusurwar allo har ƙarshen shekara.

Abokin wasan Aina wani yaro ne ɗan asalin Sin mai suna Han. Shi ya kawo shawarar a gina gada a kan kwarin. Aina ta ce shawara ce mai kyau ga jikokinsa, don su za su ga an gama ta. Ya ce ya fi manhajar da za ta gaya wa jiƙaƙƙe ya jiƙe. Suka yi ta jifan juna, aji na zuga su, har Han ya fusata da wasa ya ce to ita ta tashi sama mana in ba ta son gada, tunda ba wata hanya. Sai Aina ta ce, "Wa ya ce ba wata hanya? Me ya sa ma muke bi ta kwarin?"

Ba wanda ya taɓa yin wannan tambaya. Ashe akwai wata ƙofar ƙarfe ta kan tudu, bayan ɗakin karatu, wadda in an bi ta ko tafin ƙafa ba zai jiƙe ba. An kulle ta ne tun lokacin wani gini da aka gama shekaru da suka wuce, aka manta ba a buɗe ba. Yaran suka bi diddigi da kansu har suka gano makullin yana ofishin masu gadi. Suka kai buƙata sashe a buɗe musu. Buƙatar ta kwanta, don sashen ya riga ya yi nasa shirin: za a yi wa hanyar kwari dogon rufi, kuma Farfesa Nuraini ce ta kawo shawarar.

Ana cikin haka na jawo wa kaina. Ina tafiya a barandar sashe sai na hangi wani mutum da hular zanna da zanen Barebari a kumatu. Watanni ban yi Hausa ido da ido da kowa ba. Ban san sunansa ba, ban san lokacin da na ɗaga murya ba.

"Kai bawana! Wa ya kwance ka har ka iso nan?"

Ya juyo a firgice, ya dube ni sama da ƙasa, sai fuskarsa ta washe. "Ikon Allah! Baiwar kakana ce har Malesiya? Ina kika jingine ƙwaryar nonon?"

Malam Bukar ke nan, ɗan Maiduguri, sabon zuwa karatun injiniya. Muka tsaya muna dariya har da hawaye kamar 'yan ɗaki ɗaya. Sakatariyar sashe tana gefe, ta tambaye ni da fara'a me na ce masa haka mai daɗi. Ni kuma sarkin gaskiya na fassara mata kalma da kalma. Fara'ar ta ɗauke. Na yi ta bayani, tana gyaɗa kai cikin ladabi, na san ba ta ji komai ba bayan kalmar farko. A makon ne kuma wani ɗalibi ya sa ɗan guntun bidiyon ajinmu a intanet, inda ake ta ihu ana yi wa shawarar wani dariya. Aka haɗa biyun aka kai gaban kwamiti: baƙuwar malama tana koya wa yara cin mutuncin juna, kuma tana kiran mutane bayi.

Na shiga ɗakin kwamitin da atamfata mafi kyau. Farfesa Nuraini ce a tsakiya. Suka ce abu biyu suke so, in amsa cewa abin da na koyar cin zarafi ne in ba da haƙuri, sannan in koma kan majigi. In na yi haka ajin zai zauna a hannuna.

Na ce kalmar da na faɗa a baranda na gane tana da nauyi a kunnensu, ban taɓa kai ta aji ba, kuma ba za su ƙara jin ta a gininsu ba. Amma ba zan ce na koyar da cin zarafi ba, don ban koyar ba. Na ce, "Kun ɗauko ni in koya wa yara warware matsala, kuma kun hana a gaya musu wannan bai yi ba. Yaron da aka tafa wa a kan kowace shawara ba zai taɓa neman ta biyu ba. Majigin nan na bi shi makonni, ko ƙafa ɗaya bai busar ba." Na gama ban sauke ido ba.

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Malam Bukar ne, ba wanda ya gayyace shi, ya ji labari ya baro darasinsa. Ya gaisa da girmamawa, ya ce shi ne mutumin da aka ce an ci wa mutunci, kuma tun da ya sauka ƙasar nan ba a yi masa gaisuwar da ta kai wannan daɗi ba. Da ya tsaya nan da an rabu lafiya. Amma Babarbare ne. Ya gyara hula ya ƙara da cewa, "Ranku ya daɗe, a tarihinmu ba mu taɓa jin Bafillace ya yi abin hankali ba. Wannan ne karo na farko. Don Allah kada ku hana."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ya toshe baki da hannu. Farfesa Nuraini ko gezau. Ta ce za ta zo ajin da kanta ta gani, daga nan za a yanke hukunci.

Ranar da ta zo na shiga aji na tarar yaran sun koma tsohon zamansu, kowa cikin nasa. Ta zauna a baya da jakarta a cinya. Na jefa tambaya, shiru. Na sa Han ya faɗi shawara, na nemi ra'ayi, wani ya ce shawara ce mai kyau. Ban ga laifinsu ba, makinsu da makomarsu a hannun matar nan suke. Amma a tsaye a wurin na hango kaina ina sauka a tashar Potiskum da jaka, mutanen Hausari na yi mini sannu da zuwa da irin muryar da ake yin ta'aziyya.

Farfesa ta taso ta karɓi alƙalamin daga hannuna. Ta zana hanyar kwari da rufinta, zane mai kyau, a miƙe, kusa da saniyata. Ta bayyana shirin sashe, ta ce mene ne ra'ayinsu. Aka tafa. Ta juyo ta dube ni, na gane abin da take nufi.

Sai na ga hannu ya tashi a tsakiya.

"Prof, za ki yarda ki yi wasa da ni?" Da Hausa Aina ta faɗi kalmar.

"Me hakan ke nufi?"

"Zan faɗi magana a kan shawararki. Ba za ki yi fushi ba, kuma za ki rama."

Farfesa ta gyara tabarau. "Ina ji."

"Rufin nan kwaɗi za su ji daɗinsa, kansu ba zai jiƙe ba. Mu ruwan da ke damunmu daga ƙasa yake tasowa. Prof, kin taɓa bin hanyar nan da ƙafa, ko motarki ce kaɗai ta san jami'ar?"

Ba wanda ya yi dariya. Farfesa Nuraini ta ajiye alƙalamin a hankali, ta ɗauki jakarta, ta fita. Aina ta zauna. Han ya tashi daga cikin 'yan'uwansa ya tsallaka ajin ya ja kujera kusa da ita. Na ce mata, "Aina, ko gobe aka sa ni a jirgi, na ga abin da na zo gani." Gaskiya na faɗa, amma na san ba ni kaɗai zan iya shan hukuncin ba.

Kwanaki suka wuce ba labari. Na fara ninke kayana. Ran nan bayan wani ruwa mai ƙarfi aka ce Farfesa na nemana. Na shiga ofishin a shirye, na ma tanadi maganar da zan yi in an sallame ni. Abin da na fara gani takalmanta ne masu tsini a gaban fanka, an cusa musu jarida. Bakin doguwar rigarta kuwa ya jiƙe da taɓo har gwiwa.

Ta ce, "Na sa a buɗe ƙofar tudu. Ajin zai zauna a hannunki. Amma kwamiti na nan a kan son ki ba da haƙuri."

Na ce, "Farfesa, ban yi abin da zan ba da haƙuri a kansa ba."

Ta daɗe tana kallona ta saman tabarau. "Na san haka za ki ce. Taurin kai gare ki, irin na saniyar da kika zana."

Sai da na yi daƙiƙa kafin na gane abin da ya faru. Dokar kuwa ni na kafa ta, dole a rama. Na dubi takalman na ce, "Ita dai saniyar, Farfesa, ba ta taɓa shiga kwari da takalmi mai tsini ba."

Ta kai hannu baki, amma ta makara, ranar na fara ganin haƙoranta. Da na kai ƙofa ta ce, "Ki gaya wa yarinyar nan ban rama ba tukuna. Ta zauna da shiri."

Haƙurin dai ban ba da shi ba har na gama, kuma ba a ƙara tayar da zancen ba. Yanzu a gida nake koyar da darasin, kuma a nan ba na dogon bayani. Ina cewa kowa ya nemi abokin wasansa, Ngizim da Karekare da Bolewa da sauranmu kowa ya san inda zai juya. Wahalata kawai in shawo kansu cewa wasan da suke ajiyewa a bakin ƙofar makaranta shi ake nema a ciki.

Ranar da na sauka Hausari, kafin in gama gaisawa da Inna, Ya Kaltum ta zagayo tana dogara sanda. Ta ce in fito da takardar digirin ta gani. Ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa, ta sa a ƙarƙashin mayafi.

"Da hankalin wa ka samo? Kawo nan, tawa ne."

Takardar tana ɗakinta har yau, a rataye saman jeren kwanoninta. In wurin aiki suka nemi kwafi sai na je na roƙa, ta gama ja mini rai sannan ta ba ni aro. Kuma duk wanda ya ce zan dawo hannu rabbana, ta san su ɗaya bayan ɗaya. Ita ce ta riƙa aikawa a kira mata su, ta zaunar da su a tabarma, ta nuna bango da sandarta ta ce, "Karanta da ƙarfi. Kunnena ba ya ji sosai."